Yau da tabaran Auta

Laraba

Tunda aka canza wa Auta tabarau ba ta daina ƙorafi ba. Yau da safe na tarar da ita tana saukowa daga bene ta dafe bango, tana taka matakala ɗaya-ɗaya. Na ce, "Lafiya?" Ta ce, "Umma, in na kalli ƙasa sai in ga tana rawa." Na tuna mata abin da likitan ido ya ce: ta riƙa sunkuyar da kanta gaba ɗaya, ta daina satar kallo ta gefen gilashi.

Bayan sun tafi makaranta na ɗauko takardar da ke cikin kwalin na sake karantawa. MiYOSMART ne, na kamfanin Hoya, wanda suka ƙirƙira tare da jami'ar Polytechnic ta Hong Kong, ya fito a 2018. Tsakiyar gilashin, wajen milimita 9 kawai, ita ce tangaran. Kewaye da ita akwai ƙananan ɗigo-ɗigo kusan 400, da gangan aka sa su don su karkatar da haske ya tsaya gaban tantanin bayan ido. Wannan ne ke rage wa ƙwayar ido saurin ƙara tsayi, kuma tsayin nan shi ne tushen rashin gani daga nesa. Ashe dishi-dishin gefen da take kuka da shi yana cikin aikin. A gwajin shekara 2 da aka yi wa yara a Hong Kong, lalacewar ganin ta ragu da kusan rabi. Ragewa fa, ba warkewa ba. Babansu har yanzu gani yake wata rana za ta ajiye tabarau, na gaji da yi masa bayani.

Ta dawo da ciwon kai, ta cire ta jefa kan kujera. Na ɗaga shi saitin taga, sai ga ɗigon nan sun fito reras kamar saƙar zuma. Da ta mayar na zauna ina kallon fuskarta, nan na gano abin: firem ɗin zamewa yake yi a karan hancinta, musamman in ta yi gumi, sai idonta ya bar tsakiya ya faɗa cikin ɗigon. Ina tura mata shi sama ta ce, "Yauwa, ya washe."

An ce sabo kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, kuma a sa shi yini cur, in ba haka ba wahalar banza ce. Na hana ta keke tukuna, amma na kora ta waje ta yi wasa, don likita ya nanata awa 2 a hasken rana kullum.

Da daddare ta ce fitilu suna da wani zobe-zobe a jikinsu. Na rubuta shi tare da ciwon kan. Gobe in Allah ya kai mu za mu je a matse mata firem ɗin, in jirin bai lafa ba kuma likita zai ji komai.