Wata bakwai ina ƙirga ramukan da ba su ne ba

A makon jiya na miƙa makullin ɗakin kwamfuta, kuma kafin in tafi ina son in bar wa ƙannen da za su gaji kujerata abin da ƙirgar ramuka a duniyar Mars ta koya mini.

An ba ni aikin kimanta shekarun narkakken dutsen da ya daskare a filin Elysium Planitia, da hotunan kyamarar CTX ta kumbon Mars Reconnaissance Orbiter, wanda ke zagaya duniyar tun 2006, inda kowane ɗigon hoto yake daidai da kimanin mita 6 a ƙasa. Ƙa'idar kowa ya san ta, wato gwargwadon yawan ramukan da duwatsun sama suka fafe, gwargwadon tsufan wurin. Na shafe wata bakwai ina zagaye ramuka ɗaya bayan ɗaya, har idanuna suka fara ganin da'ira a jikin bango, kuma shekarun da na samu suka zarce abin da aka sani nesa ba kusa ba. Na ɗauka sabon abu na gano.

Ashe yawancin ƙananan ramukan tarkacen Zunil ne suka haƙa su, wani sabon rami mai faɗin kimanin kilomita 10 da ya watsa duwatsu zuwa ɗaruruwan kilomita a lokaci guda. Alamomin suna gabana tun farko: ramukan ba su da zurfi, bakinsu a karkace, sun taru gungu-gungu, wasu ma sun jeru suna nuna inda suka fito. Wani baƙon malami ne ya tono wannan ranar gabatar da aiki, bai yi minti biyar yana kallon allo ba. Mai duba aikina, wanda ya karanta lissafin sau biyu ya sa hannu, ya juya ya ce, "Ai na sha gaya masa." Na ce, "Haka ne, Malam," domin takardar shaidata tana hannunsa. Kuskuren nawa ne, ban taɓa musantawa ba, amma tun daga ranar duk gyaran da babba zai ba ni sai na roƙa ya zo a rubuce.

Kada ku yanke hukunci kan ƙaramin rami kafin ku nemi hoton HiRISE, wata kyamarar kumbon da ta fi CTX fito da ƙananan abubuwa, idan akwai shi. Ku duba ta ina hasken rana ya faɗo, domin rami yakan koma tudu a ido, kuma hoton da aka ɗauka rana na sama yakan ɓoye marasa zurfi.

Ni kaɗai na sake ƙirgar cikin wata uku, lissafin kuma ya tsaya da ƙafarsa. Da aka tura takardar binciken, sunan Malam ne a gaba.