Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar Ɓarar Gyaɗa

A makon jiya na tsaya inda aka kawo ni gidan Alhaji, uwargida ko gaisuwata ba ta amsawa. Haka muka ci gaba da zama, kowa da tukunyarta, har lokacin kaka ya zo, aka baza gyaɗa a tsakar gida ana ɓara.

Autanta, wata 10 a duniya, yana rarrafe a bakin tabarma. Shirun da ya yi ne ya sa na waiwaya. Yaron da ya ƙware, in yana tari da ƙarfi yana kuka, iska na shiga, ƙyale shi ake yi ya fitar da abinsa da tari. Wannan kuwa baki a buɗe, idanu a waje, babu kuka babu tari, leɓensa ya fara komawa ruwan toka.

Hajiya surukarmu ta ce, "Ku ɗura masa ruwa!" Uwarsa har ta kai yatsa bakinsa. Na riƙe hannunta.

"Yaya, kada ki ƙwaƙula, ƙara tura gyaɗar za ki yi. Ba ni shi."

Ta sakar mini shi. Abin da malamarmu ta yi ta nanata mana a makarantar koyon aikin lafiya na yi. Na zauna, na kife shi a kan hannuna bisa cinyata, kansa ƙasa da ƙirjinsa, na tallafe haɓarsa. Da gindin tafin hannu na buga tsakanin kafaɗunsa sau 5, bugu na gaske, ba lallashi ba. Ba ta fito ba. Na juya shi rigingine, na ɗora yatsu 2 a ƙashin ƙirji, ƙasa kaɗan da saitin nonuwansa, na danna sau 5. Cikin jariri ba a danna shi, ana iya yi wa hantarsa illa. Sai yaro ya wuce shekara 1 ake matsa ciki. Na sake kife shi, ina bugawa, sai ga ƙwayar gyaɗa ta faɗo jiƙe da yawu. Ya tsala ihu, Yaya ta zube tana "Alhamdulillahi".

Duk da haka na matsa muka hau adaidaita sahu zuwa asibiti, don ɓurɓushin gyaɗa kan gangara huhu ya zama ciwo daga baya.

Muna dawowa na tarar Hajiya ta riga ta faɗa wa Alhaji wai amarya ta jibgi jikanta a gabanta. Yadda muka kwashe da shi a daren, mu haɗu mako mai zuwa.