Ka saurari muryar kafin ka yanke kuɗin aiki

Ƙannena masu son neman abinci da rubuta abin da aka faɗa a taron waya, bari in nuna muku inda na yi tuntuɓe.

Aikina na farko wata ƙungiya mai hulɗa da manoman gero da wake ce ta ba ni. Sun yi taro ta Zoom su bakwai, wasu a Yamai, wasu a Tasawa da Dakoro, da wani ɗan kasuwa daga Katsina. Aka ce mini minti 90 ne. Ko buɗe muryar ban yi ba na ce jaka 10, wato sefa 10,000, a zatona kafin la'asar na gama. Kwana uku na yi a kai. Ko da magana na fita garau, awa ɗaya ta taro kan ci awa 4 zuwa 6 wajen rubutu, balle wannan da layin Dakoro ke yankewa, mutum biyu na magana lokaci guda, wani ya fara jimla da Hausa ya ƙarasa da Faransanci. Yanzu sai na saurari minti biyar a farko, biyar a tsakiya, sannan in yi ciniki a kan kowane minti. Kuma nakan tambaya tun da wuri: kalma da kalma ake so, har da "to" da "wato", ko a tace? Fassara zuwa Faransanci kuwa aiki ne daban, kuɗinsa daban.

Amma abin da ya fi ba ni kunya lissafi ne. Wani dattijo ya ce "ɗari biyar", ni kuwa na buga 500 na wuce. Mu nan Maraɗi da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa 5, ke nan 2,500 yake nufi. Bakatsinen da ya ce "ɗari biyar" bayansa, naira yake nufi. Wanda ya karanta takardar a ofis bai ji muryar kowa ba, lambar da ya gani ya saka a rahotonsa. Da aka gano, ni aka kira, kuma gaskiyarsu. Tun daga ranar nake rubuta abin da bakin mutum ya faɗa, in sa adadin sefa ko naira a gefe. Wurin da ban ji ba kuwa ba na cikewa da ka, sai in sa minti da daƙiƙar wajen, in rubuta "ba a ji ba".

Manhajojin da ke mayar da murya rubutu suna ɗan taimakawa da Faransanci. Da Hausarmu kuwa, gyaran shirmensu ya fi bugawa daga farko cin lokaci.

Ka karɓi jerin sunayen mahalarta kafin ka fara, in ba haka ba za ka ɗora wa wani maganar da ba tasa ba. Abin da ka ji a taron mutane amana ne, kada ya fito a fada wajen shan shayi. Na taɓa sauraron wani taro a shagon cajin waya ba tare da abin kunne ba, don an ɗauke wuta a unguwarmu, sai da na ga mai shagon ya kasa kunne sannan hankalina ya dawo jikina.

Rabin kuɗi kuma kafin aiki. Ragowar jaka biyar ta wancan aikin na farko sai da na yi wata biyu ina sintiri kafin ta shigo hannuna.