Godiya ga maƙwabta da 'yan'uwa na Fukuoka bayan walimar sababbin ɗalibai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, ƙannenmu da suka sauka Fukuoka a watan Afrilu sun ga bayan damina lafiya, an kuma yi walimar da muka shirya musu a ɗakin girkin cibiyar unguwa, aka ci aka sha, aka watse lami lafiya. Mu ɗaliban Nijeriya da Nijar da muka riga su zuwa muna miƙa godiya ga waɗanda suka kama mana. Za mu faɗi abin da kowa ya yi dalla-dalla, don masu zuwa a watan Oktoba su karanta tun suna gida.

Iyayenmu mata Japanawa masu koyar da harshe kyauta a cibiyar unguwa, da ku za mu fara, don ba a allo kuka tsaya ba. Kun shiga kanti da yaran nan, kuna juya kowace leda kuna nuna musu layin 原材料名, inda ake jera abin da aka haɗa abincin da shi. Yanzu kowannensu yana ganin 豚 ko ポーク ya san alade ne, ラード kitsensa ne, ゼラチン kuma galibi daga fatarsa ko ƙashin dabba ake samo shi. Kun kuma ja musu kunne a kan ɗan akwatin gargaɗin da ake yi wa masu rashin jituwa da wasu abinci. Doka ta wajabta a rubuta ƙwai da madara da alkama da gyaɗa a ciki, amma alade da gelatin shawara kawai aka ba kamfanoni su rubuta. Wanda ya duba akwatin kaɗai bai ga alade ba ya jefa a kwando, to bai karanta ba tukuna. Dunƙulen kori na kwali, burodi mai laushi, alewar roba, har curin shinkafar da ake sayarwa a ƙananan kantunan da ake kira konbini, duk sai an bi layin har ƙarshe.

A wannan gari abin ya fi tsanani, don ramen ɗin Hakata, taliyar cikin romo ta Fukuoka da kowa ke alfahari da ita, romonta na ƙashin alade ne tsantsa, ko da an cire yankan naman da ke sama. Abokan karatunmu Japanawa da suka fahimci haka, suka daina jan mu shagon ramen suka koma nemo inda ake gasa kifi, mun gode da wannan kara.

Sai maganar みりん, ruwan zaƙin girki mai giya kusan kashi 14 cikin 100, wanda ba a rasa shi a romon taliyar udon da dafaffen kifi, da kuma 酒精, wato sinadarin giya, da ake ɗan zubawa a miso (kwaɓin waken soya na miya) da ruwan soya (baƙin ruwan ɗanɗano na waken soya) don kada su lalace. Malamai sun saɓa a kan ɗan abin da ke cikin ruwan soya, kowa ya tambayi malamin da ya natsu da shi. Ga mai son kauce wa shakka, akwai miso da soya marasa shi, kuma 'yan'uwa na masallacin Hakozaki sun san shagunan da ake samu, da inda ake sayar da naman halal. Masallacin nan da aka buɗe a 2009 shi ne mahaɗarmu ranar Juma'a, ko da yake mai zama kusa da harabar Ito ta Jami'ar Kyushu sai ya yi sammako, don gari ne zai ratsa daga yamma zuwa gabas. Masu motocin da suka riƙa rage wa yara hanya, suna dawo musu da daskararriyar kaza leda mai kilo 2, Allah ya biya ku.

Uwayen girkin walimar sun cancanci godiya ta musamman, don su suka daidaita mana hannu a kan shinkafar ƙasar nan. Kofin da ke zuwa da tukunyar lantarki mililita 180 ne, wato kusan giram 150 na shinkafa, kuma lambobin da ke jikin tukunyar da shi suke aiki. Mai auna da kofin shayi ya cika ruwa zuwa lamba, ko dai ta caɓe ko ta ƙi dahuwa. A zubar da ruwan wankin farko nan take kafin shinkafar ta sha warin dusa, a ƙara wankewa sau biyu, a jiƙa minti 30. In a tukunyar wuta ce, ruwa mililita 200 ga kowane kofi, a bar ta a rufe minti 10 bayan an kashe wuta. Gajeriyar shinkafa ce mai danƙo, saboda haka tuwo ba ya ba ta wahala: a ninka ruwan, a bari ta yi luguf, a tuƙe, ba sai an nemi gari an ɗaure ba. Dafa-duka kuwa ba aikinta ba ne, cakuɗewa take yi. Wannan sai doguwar shinkafar Tailan ko basmati daga shagon halal. Mai son tuwon gari ya ɗauki garin shinkafa mai rubutun 上新粉, ya bar 白玉粉 da もち粉, su na mochi ne, curin shinkafa mai danƙo, za su yi ta naɗewa a muciya. Tunda kilo 5 ya haura yen 4,000 a 2025, ba a wasa da ragowa: a naɗe ta a leda tun da zafinta, ta huce, a sa a firiza. Ɗanyar kuma da zafi ya shigo a ɗura ta a busasshiyar gorar ruwa a ajiye a firji, in ba haka ba ƙwari su riga ka.

Miya ta zo da sauƙi fiye da yadda yara suka zata. Kuɓewa tana nan a 'yar raga, da bazara kuma ana fito da モロヘイヤ, wanda lalo ne sak. Natto, waken soyan da Japanawa ke ruɓarwa, yana tsayawa a madadin daddawa in an daka rabin kwali an zuba tun ana soya albasa, sai dai a karanta ɗan ƙunshin romon da ke ciki kafin a yi amfani da shi. Inda ake faɗawa rami shi ne miyar gyaɗa. Markaɗaɗɗiyar gyaɗar da ke kusa da burodi a kanti cike take da sukari, sai an nemo mai rubutun 無糖, wato marar sukari. Attaruhu ma ba a kantin unguwa yake ba, daskararre ake samu a shagunan 'yan Asiya.

Dattijon da ke yanka kifi, wanda ya zauna ya yi mana bayani, mun gode, Baba. Saba da aji da iwashi su ne masu araha, kuma da yamma ana manna musu 半額, rabin kuɗi ke nan. Mai 生食用 shi ake ci ɗanye, mai 加熱用 dole ya ga wuta. Saba kan ɗauki tsutsar anisakis mai murɗa ciki, gishiri da ruwan tsami ba sa kashe ta, sai dahuwa ta ratsa tsoka ko a daskarar da shi awa 24 a ma'aunin 20 ƙasa da sifiri. Firizan ɗakin ɗalibi ba lallai ya kai haka ba, don haka a dafa kawai.

Shugabannin unguwa da masu kula da gidajen haya, kun yi haƙuri da mu a kan shara. A Fukuoka da dare ake kwashewa, ana fitarwa daga faɗuwar rana zuwa 12 na dare, a ledar da hukumar birni ta ware, wadda ake saye a kanti. Ja ta abin ƙonawa ce, sau biyu a mako. Shuɗiya ta gwangwani da fasasshen tangaran, rawaya ta kwalba da gorar roba, su sau ɗaya a wata. Gora sai an cire murfi da takardar jikinta an ɗauraye. Ledar da aka cakuɗa ba a ɗauka, takarda za a manna mata a bar ta a wurin, duk mai wucewa ya gani. Man suya ba a tuttula shi a magudana, yana toshe bututun gida gaba ɗaya. Akwai garin da ake barbaɗawa tun yana da zafi ya daskare, ko a tsotse shi da tsohuwar jarida, a sa a jar leda. Mun kuma ji ƙorafin injin wanki da hira da ƙarfi bayan 10 na dare, bangon gidajen nan ba kauri, an gyara.

Ɗaliban da jami'a ta haɗa da sababbi, ku kuka raka su ofishin gunduma aka rubuta adireshi a katin zama cikin kwana 14 da doka ta ce, aka yi inshorar lafiya da ke sa mutum ya biya kashi 30 kacal a asibiti, kuka tuna musu cewa aikin wucin gadi sai da izini kuma ba ya wuce awa 28 a mako lokacin karatu. Madalla da ku.

Iyayenmu na gida, mun gode da addu'a da saƙo. Roƙonmu ɗaya, kada a sa wa yaro kilishi ko dambun nama a jaka. Japan ta hana shigo da nama, akwai karnuka masu shinshina kaya a filin jirgi, kuma hukuncin yana iya kai wa tarar yen miliyan 3 ko ɗaurin shekara 3. Muciya ta fi amfani, don ita ce ba a samu a nan.

Wanda zai kammala karatu a Satumba, in yana da tukunyar shinkafa ko bargo ko keke, ya sanar da mu kafin ya biya kuɗin zubarwa, akwai masu buƙata a hanya. Keke a haɗo da takardar rajistarsa don a sauya suna. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba ƙannenmu sa'ar abin da suka zo nema.

Daga 'yan'uwanku ɗalibai mazauna Fukuoka.