Ƙera ƙaramar roka mai bodin katako da awo

Motar kara da motar langa-langa ba baƙi ba ne a Katsina da Daura. Yaro zai feƙe karan dawa, ya yanko taya daga tsohon silifas, ya yi ta jan abarsa a lungu har a kira magariba. Aikin hannu ne na gaske, kuma shi ne tushen wanda zan yi bayani, wato ƙera ƙaramar roka, babbar motar dakon kaya, bisa awo. Abin da ya raba su guda ɗaya ne: awo. A motar wasa ido ke yanke hukunci. A ƙaramar mota ta ma'auni kuwa, kowane sashe na babbar motar, tun daga tsawon shasi har kaurin katakon bodi, da lamba ɗaya tak ake raba shi. In ka riƙe lambar nan, ko da gwangwani da bututun famfo ka yi aiki, direba na kallo zai faɗa maka wace mota ce. In ka sake ta, komai kyan fentinka abin wasan yara ka yi.

Waɗanda kamfanoni ke sayarwa a kwali don mutum ya haɗa da kansa suna da nasu ma'auni. Italeri ya fi yin 1:24, wato kowane awon babbar motar an raba shi da 24, AMT 1:25, manyan na Tamiya masu tafiya da rimot kuma 1:14. Wanda ke da niyyar sa wasu sassa daga irin waɗannan kwalaye sai ya bi ma'auninsu. Amma ga mai ƙerawa da kayan da ke kasuwarmu, 1:20 nake ba da shawara, don lissafinsa ba ya buƙatar kalkuleta: mita ɗaya a babbar mota santimita 5 ne a kan teburinka. Faɗin babbar mota kusan mita 2.5 ne, ya zama santimita 12.5. Tayar da tsayinta ya ɗan haura mita ɗaya ta zama santimita 5 da ɗoriya. Hannu yana iya sarrafa wannan girman, kantar ɗaki ma tana iya ɗaukar motar in an gama.

Motar da ta fi dacewa a fara da ita a wajenmu ita ce Marsandi 911 mai gajeren hanci, irin wadda ake yi wa bodin katako tana dakon hatsi da dabbobi. Tun 1959 kamfanin ya fito da wannan fasali, daga baya kamfanin ANAMMCO na Inugu ya riƙa haɗa manyan motocin Marsandi a nan gida. Samun wadda za ka auna ba wuya: hanyar Jibiya, hanyar Kano, ko kasuwar Mai'adua ranar ci. Ka nemi izinin direba ko yaron mota, ka tafi da tef ɗin awo da ɗan littafi. Abin da ba za a yi ba tare da shi ba: tsayin taya, tazarar tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, tsawon bonet, tsayin kai (wurin zaman direba) daga ƙasa, tsawo da faɗi da tsayin bodi, da yawan allunan katako a kowane gefe. Hoto kuma ka ja baya sosai sannan ka jawo da zum, ka tsaya daidai tsakiyar motar. Hoton da aka ɗauka a kusa yana kumbura abin da ke gaba ya tsuke na nesa, wanda ya yi zane da shi bonet ɗinsa zai fito da girman da ba nasa ba. Kada ka yi wannan aikin kusa da shingen jami'an tsaro ko bakin iyaka irin Kongolam, ka nemi motar da ke fake a tasha ko gareji.

Kafin ka yanka komai, zana motar a takarda da girmanta na 1:20, gefe da gaba da sama. Daga nan sai taya, ba kai ba. Yawancin masu farawa kan motar suke fara yi saboda shi ne mai ban sha'awa, sai a ƙarshe su rasa tayar da ta yi daidai da shi, su sa ƙanana ko manya, shi ke nan fasalin ya tafi.

Tayoyi shida ake buƙata, biyu gaba, huɗu baya, sai ta bakwai safaya. Tafin silifas mai kaurin santimita 1.5 ya yi daidai da faɗin taya a wannan ma'auni. Samo guntun bututun ƙarfe mai faɗin ciki santimita 5 da rabi, wasa bakinsa da magagari, ka ɗora kan robar ka doka da guduma a kan katako. Ba za su fito da'ira cikakkiya ba, gefe zai ɗan karkace. Gyaran shi ne ka huda tsakiya, ka zura su duka a dogon ƙusa mai zare, ka ɗaure da noti, ka sa a injin huda, ka bar su suna juyawa kana ɗora sanfefa mai kaushi a kai. Da yake tare suke cin sanfefar, girmansu zai zo ɗaya, kuma wannan shi ne abin nema, don bambancin milimita ɗaya ya isa ya sa taya ɗaya ta rataye a iska. Suna cikin juyawa ka taɓa su da haƙoran zarton ƙarfe sau uku ko huɗu, zanen taya ya fito. Wili na inci 20 ya koma santimita 2.5, wato daidai faɗin bututun wayarin na milimita 25 da masu aikin lantarki ke sakawa a bango. Yanka shi zobe-zobe, ka faɗaɗa ramin tayar ka cusa, ka toshe tsakiya da faifan roba mai rami. Wannan bututun dai shi ne tankin mai in ka toshe bakinsa biyu.

Shasi ne wurin da aiki ke gyaruwa ko ya ɓaci, kuma nan ya kamata a ɓata lokaci. Dogayen ƙarafa biyu na babbar mota suna da tazarar kusan santimita 85, a wajenmu santimita 4.3, tsayin kowanne kamar santimita 1.3. Ana iya yin su da katako mai tauri da aka goge ko da siraran alminiyom na masu haɗa tagogi. Kada a yi da katakon da bai bushe ba, zai murɗe da zarar iskar hunturu ta buso. Liƙa zanenka a ƙarƙashin gilashi mai kauri ko faffaɗan tayil ka haɗa shasin a kai, don tebur na katako ba kasafai yake miƙe ba ko da ido ya ce ya miƙe. Sa sandunan tsakiya biyar ko shida, kafin gam ya kama ka auna daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, ka auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu bai zo ɗaya ba shasin ya karkace, motar za ta riƙa tafiya a kaikaice, bodi kuma ba zai taɓa zama daidai da kai ba. Danne da bulo ko dutsen guga har ya kwana.

Lissafa faɗin baya tun yanzu: shasi 4.3, sifirin biyu 0.8, tayoyi huɗu 6, ya tashi 11.1. Abin da ya rage zuwa 12.5 shi za ka raba tsakanin tayoyi da sifirin. In tayoyinka sun fi haka kauri za su leƙo waje da bodi.

Sifirin da langa-langa ake yi ko gwangwanin madara, a yanka sirara masu faɗin milimita 4, tsawo 6.5, 5.5, 4.5 da 3.5 a santimita, a jera babba a sama, a ɗan lanƙwasa, a ɗaure tsakiya da siririyar waya. Ga sandar da ke riƙe taya, sifok ɗin keke mai kaurin milimita 2 ya isa, a zura shi cikin guntun eriyar rediyo wadda ta ɗan fi shi faɗi. Eriyar ce za ka liƙa a jikin sifirin, sifok ɗin ya riƙa juyawa a ciki. Ka tabbata tazarar sandar gaba da ta baya ɗaya ce hagu da dama.

Game da gwangwani, sa masa maganaɗisu. Wanda ya kama, irin na madara da tumatir, ƙarfe ne mai rufin kuza, yana karɓar liƙin dalma. Na lemo alminiyom ne, dalma ba ta kama shi da kayan liƙi na yau da kullum, sai dai gam.

Kan mota da bututun famfo na inci 4 ya fi sauƙi. Yanka guntu mai tsawon santimita 20, tsaga shi a tsaye, ka gasa daga nesa a kan garwashi kana juyawa har ya yi laushi, ka buɗe shi ka danne tsakanin tayil biyu ya huce. Za ka samu faranti mai faɗin kusan santimita 34. Wannan robar tana fara laushi tun wajen digiri 80, ba ta buƙatar harshen wuta. Da ta fara yin ruwan ƙasa ta ƙone, hayaƙinta kuma yana cutar da ƙirji da ido, don haka a tsakar gida ake yi, ba a ɗaki ba. Fara yanka kowane sashe a kwali ka haɗa da salatif ka gwada a kan shasi, sai ya zauna sannan ka kwafa a roba. Bonet ɗin 911 da kafaɗun da ke rufe tayoyin gaba ba su da kusurwa, zagaye suke, kuma su ne fuskar motar. Sassaƙa siffarsu a katako mai laushi, ka rage kaurin robar daga kowane gefe, ka ɗora roba mai zafi ka danne da tsumma a hannu har ta huce. Zai yi wuya na farko ya fito yadda ake so, don haka ka gasa faranti fiye da buƙata.

Kowane gam da wurinsa. Roba da roba, gam ɗin masu aikin famfo, wanda ke narkar da fuskokin biyu su zama ɗaya. Katako da katako, farin gam na kafintoci. Ƙarfe da roba, Araldite, bayan an karce wurin da sanfefa. Sufa gulu da ɗan garin soda na yin burodi yana cike rami ya daskare nan take, amma ya fi robar tauri, ka goge shi da wuri. Gam ɗin bindiga mai kama da kyandir ban yarda da shi ba ko kaɗan, zafin Afrilu a ɗaki mai rufin kwano yana sa shi ya saki. Gilashi kuma, wanda za ka yanko daga farar robar da ake naɗe sabuwar riga ko gorar ruwa marar zane, kada sufa gulu ya kusance shi, tururinsa yana barin farin dusashe da ba ya goguwa. Farin gam ya isa, kuma bayan fenti ake sa shi.

Bodi shi ne sashe mai daɗin yi. Sandar askirim faɗinta kusan santimita 1, wato allon katako mai santimita 20 a babbar mota. Kaurinta na milimita 2 ya ɗan yi yawa, goge shi ya ragu. Ƙirga allunan kamar yadda ka gani a motar da ka auna, ka bar ratar da ke tsakanin na sama, ka kafa ginshiƙan tsaye da farko sannan ka jera allunan. Kan allurar ɗinki da aka datse yana zama kan ƙusa.

A goge kai da sanfefa mai lamba 180, sannan 400, sannan 600 da ruwa, a wanke da sabulu don maiƙon hannu yana hana fenti kamawa. Fentin shimfiɗa mai ruwan toka ya fara hawa, shi zai tona duk wani rami da ka tsallake. Feshi daga nisan santimita 25 zuwa 30, hawa uku marasa kauri, da hutun minti goma sha biyar a tsakani. Mai son ya rufe a hawa ɗaya zai ga fenti na zuba yana taruwa a gindin ƙofa. Yanayinmu ma yana da nasa sharaɗi. Da hunturu ka yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fara, kana gamawa ka kifa kwali a kai saboda ƙura. Da bazara ka yi da sassafe, in rana ta take fentin yana bushewa a iska kafin ya sauka, jikin ya fito da kaushi. In ka yi wani sashe da farin soson da ke zuwa cikin kwalin talabijin, fentin feshi zai cinye shi, sai an shafe shi da farin gam hawa biyu tukuna.

Zanen bodi da rubutun goshi, irin su "Allah ya kiyaye hanya", da siririn buroshi ko tsinken sakace ake yi, harafi kada ya wuce milimita 7 ko 8. Motar da ke bin hanyar Daura zuwa Katsina ba ta zama da ƙyalli, don haka ka tankaɗe ƙurar ƙasa, ka dama da ruwa da ɗigon farin gam, ka shafa kaɗan a tayoyi da ƙasan bodi, ka goga garin gawayi a bakin salansa. Kaɗan ake sawa, in ya yi yawa aikin da ka sha wahala a kansa ne zai ɓuya.

Mai son fitila ya sa ƙananan ƙwayayen fitila na LED masu milimita 3. In daga cajar waya mai volt 5 zai ba da wuta, kowace fitila tana buƙatar resisto, ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta, aƙalla om 150 ga ja, om 100 ga fara, in ba haka ba sai ta ƙone. Om 330 ya fi, don hasken ya yi daidai da girman motar. A bi da wayoyin ta cikin shasi kafin a ɗora bodi.

Lodi kuma, buhu ya zama santimita 5 da 3, a ɗinka da tsohon ƙyalle a cika da garin katako. Kada a sa gero na gaske, ɓera da ƙwari za su bi shi, yashi kuma nauyinsa zai kwantar da sifirin cikin 'yan watanni. Yadin tsohuwar lema ya yi tamfol, zaren ɗinkin takalmi ya yi igiya. Wurin ajiya ya zama nesa da taga, don rana tana lanƙwasa robar famfo tana kuma kashe jan fenti, sannan a sa ɗan katako a ƙarƙashin shasi ya ɗauke nauyin, saboda robar silifas tana lotsawa in ta daɗe a danne wuri ɗaya.