Makin da Ɗalibi Ya Ɓoye

A watan Maris na 2022, jami'ar MIT da ke Amurka ta sanar cewa duk mai neman gurbin karatu a wurinta sai ya gabatar da sakamakon SAT ko ACT, jarrabawoyin neman shiga jami'a a ƙasar. Mutane da yawa sun ɗauki matakin a matsayin komawa gidan jiya, domin shekara biyu kafin nan, da annobar korona ta rufe cibiyoyin jarrabawa, kusan dukkan manyan jami'o'in Amurka sun ce wanda ya ga dama ya aiko da makinsa, wanda bai ga dama ba ya bari. Ina cikin waɗanda ransu ya sosu da sanarwar. Daga baya na sauya ra'ayi, kuma abin da ya faru a jami'ar Dartmouth ne ya sauya mini shi.

Masu adawa da jarrabawar suna da hujja mai nauyi. Carl Brigham, wanda ya tsara SAT ta farko a 1926, ya taɓa yin imani cewa wasu ƙabilu sun fi wasu basira, ko da yake ya janye maganarsa daga baya. Har yau kuma makin yana bin arzikin gida sau da ƙafa. Binciken da masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa suka fitar a 2023 ya nuna cewa 'ya'yan kashi ɗaya cikin ɗari na mafi arziki a Amurka sun ninka 'ya'yan talakawa sau 13 wajen samun maki 1300 ko fiye, a jarrabawar da ƙololuwarta 1600 ce. Duk mai tausayi ya ji wannan adadi sai ya ce a yi watsi da ita a huta.

Sai dai ba a nan gizo yake saƙar ba. A watan Fabrairu na 2024, Dartmouth ta dawo da sharaɗin bayan wasu malamanta sun binciki takardun masu nema, har da makin waɗanda suka zaɓi kada a duba musu shi. Sun tarar da ɗalibai daga gidajen marasa ƙarfi da suka samu maki wajen 1400 amma suka ɓoye, alhali da sun nuna shi da ya buɗe musu ƙofa.

Na daɗe ina hasko irin wannan ɗaliba a raina. Tana zaune gaban kwamfuta da dare bayan ta taso daga aikin da take yi don taimakon gida, ta iso inda fom ɗin yake tambaya ko tana so a duba makinta. Ta leƙa shafin jami'ar, ta ga yawancin waɗanda aka ɗauka bara sun haura 1500, ta dubi 1400 ɗinta, gabanta ya faɗi, ta danna a'a. Babu wanda zai gaya mata cewa a makarantarsu, inda da wuya a samu mai kaiwa 1100, wannan maki shaida ce babba, kuma jami'in ɗaukar ɗalibai zai auna shi ne da inda ta fito. Ɗan mai kuɗi kuwa yana da mashawarcin da aka biya don ya gaya masa lokacin nunawa da lokacin ɓoyewa. Zaɓin da aka ce an bayar don sauƙaƙa wa talaka ya zama wani sirri da mai gata kaɗai ya sani.

Akwai kuma tambayar da na kasa tsallakewa: idan an cire jarrabawa, me ya rage a cikin fayil? Sakamakon sakandare ya kumbura har ya zama masu nema da yawa duk A suke ɗauke da shi, kuma A ta wannan makaranta ba ɗaya take da ta waccan ba. Rubutun bayanin kai ana iya goge shi a hannun ƙwararre. Wasiƙar shaida daga malamin da yake kula da ɗalibai ashirin ba za ta yi kama da ta wanda yake fama da ɗaruruwa ba. Kiɗan goge, wasan tseren kwalekwale da tafiyar aikin sa-kai zuwa ƙasashen waje duk kuɗi suke ci. Jarrabawar, duk da aibinta, tambayoyi iri guda take yi wa kowa cikin sa'a biyu da 'yan mintuna, kuma tun 2015 ana samun darussan shirya mata kyauta a shafin intanet na Khan Academy. Shugaban sashen ɗaukar ɗalibai na MIT, Stu Schmill, ya kafa hujja da cewa makin lissafi yana taimaka musu gano wanda zai iya karatunsu ko da makarantarsa ba ta koyar da manyan darussa.

Jami'o'in Yale da Brown da Harvard da Caltech duk sun bi sahu a 2024, Yale ma ta yarda a kawo sakamakon AP ko IB, jarrabawoyin manyan darussan sakandare, a madadi. Jami'ar Kalifoniya ta bi wata hanya dabam, ba ta duba makin kwata-kwata, duk da cewa kwamitin malamanta ya ba da shawarar a ci gaba da amfani da shi a 2020. Ko ba komai, nata tsarin bai bar ɗalibi cikin zullumin nunawa ko ɓoyewa ba.

Goyon bayana yana da sharaɗi. Dole a karanta maki tare da tarihin makarantar da yaro ya fito da halin gidansu, kuma a faɗa wa ɗalibai haka ƙarara a shafin da suke cike fom, ba a cikin rahoton da malamai kaɗai za su karanta ba. Sannan jami'ar da ta ce cancanta take aunawa ba ta da bakin ci gaba da fifita masu uwa a gindin murhu, wato 'ya'yan tsofaffin ɗalibanta da na masu ba ta gudummawa. MIT ba ta ba da wannan fifiko, jami'o'in Johns Hopkins da Amherst sun daina fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibansu, amma da yawa daga cikin waɗanda suka dawo da jarrabawar a 2024 ba su haɗa da soke shi a sanarwarsu ba.