Daren Alhamis a Manchesta wajen masu jifan kibiya

Bayan ƙaramar sallar 2025 na kai wa ƙanwata ziyara a Bradford, can arewacin Ingila, inda suke zaune da mijinta da yara. Babban ɗanta yana sakandare, kuma ba shi da hira sai ta dats, wasan nan da ake jifan allo mai da'ira da ƙananan kibau. Bangon ɗakinsa duk huda ne a kewayen allon. Tun watanni ya matsa wa ubansa ya saya musu tikitin daren Manchesta na gasar Premier League ta masu jifa, da ranar ta zo kuma aiki ya riƙe uban. Shi ke nan rakiya ta faɗo kaina, ni da ban taɓa riƙe kibiyar ba.

Ranar Alhamis 10 ga Afrilu muka hau jirgin ƙasa daga tashar Bradford Interchange da rana tsaka. Tafiyar kusan awa guda ce, ta bi cikin kwarin kogin Calder: Halifax, Hebden Bridge, Todmorden, Rochdale. Tsaunuka kore shar, an raba gonaki da katangun dutse marasa siminti, tumaki da jariransu warwatse a kan gangare. A ƙasan kwarin kuwa tsofaffin masaƙu ne baƙi ƙirin da dogayen bututun hayaƙi, wasu an mayar da su gidajen kwana, wasu an bar su haka nan. Na daɗe ina kallonsu. Don ciyar da masaƙun wannan yanki da auduga aka kafa BCGA, ƙungiyar Birtaniya ta bunƙasa noman auduga, a Manchesta a 1902, wadda ta zo har ƙasarmu ta kafa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa. Na soma ba yaron wannan labari, ya saurara na ɗan lokaci don ladabi, sannan ya ciro takarda ya ce, "Kawu, bari in koya maka lissafin, in ba haka ba za ka zauna kana kallon ihu kawai."

Ga abin da na ɗauka kafin mu isa Rochdale. Allon an raba shi gida ashirin. Tsakiyarsa na da tsayin mita 1.73 daga ƙasa, mai jifa kuma yana tsayawa mita 2.37 daga gare shi. Kowane ɗan wasa yana farawa da maki 501, yana jefa kibau uku a jere, ana cire abin da ya samu har ya kai sifili. Akwai siririn zobe a gefen allon da ke ninka lamba biyu, da wani a ciki da ke ninka ta uku, faɗin kowanne bai kai santimita ɗaya ba. Ninki ukun 20 shi ne 60, kibau uku a wurin 180 ke nan, ba a wuce haka a jifa ɗaya. Wanda ya tsara allon kuma mugun mai wayo ne, domin ya ajiye 1 da 5 a gefe da gefen 20, kuskure kaɗan sai mutum ya tashi da abin kunya. Sharaɗin da ya fi ba da wahala shi ne ba a gama zubi, wato zagaye ɗaya daga 501 zuwa sifili, sai kibiyar ƙarshe ta shiga gidan ninki biyu, ko tsakiyar allon, kuma ta kawo lissafin daidai kan sifili. In ka zarce, jifan ya tashi a banza.

"To in saura 32 fa?" na tambaye shi.

"Ninki biyun 16, Kawu. Kowa na son ta. In ka kuskure ka samu 16 kawai, saura 16, sai ka koma ninki biyun 8, tana maƙwabtaka da ita. In ka sake kuskurewa, ninki biyun 4."

Yaron da uwarsa ke kukan ba ya son lissafi ke nan.

Tashar Victoria a Manchesta manne take da zauren AO Arena inda za a yi wasan, kana sauka daga jirgi kana ganin matakalar shiga. A bangon tashar akwai tsohuwar taswirar layin dogo da aka zana a kan tayil, na tsaya dubawa, yaron yana ta jan hannun rigata. Da yake da sauran lokaci, muka taka zuwa wajen babban cocin garin, inda aka yi wani ɗan lambu na tunawa da mutum 22 da harin bam ya kashe a ƙofar wannan zaure a watan Mayun 2017. An rubuta sunayensu a kan farin dutse mai zagaye, da yawansu yara ne. Wanda ya zauna a Kano ko Kaduna a shekarun da bam ke tashi a tasha da kasuwa ba ya buƙatar a yi masa bayanin irin wannan wuri. Muka ci abinci a wani shagon halal, muka yi la'asar, muka koma muka bi layin bincike.

Tun a layin na fahimci cewa rabin abin kallon 'yan kallon ne. Ga gungun maza manya da shigar ayaba, ga wasu da shigar alƙalan kotu har da gashin doki, ga wata mata da kayan 'yan sama jannati. Ni da na sa kaftani da hula ƙube, wani ya ɗaga mini babban yatsa, ina jin ya ɗauka nawa shirin ke nan. A ƙofa ana raba kwalaye masu ɗauke da lamba 180 a gaba, bayansu fari don kowa ya rubuta abin da ya ga dama ya nuna wa kyamara.

A ƙasan zauren an jera dogayen tebura, a nan masu tsadar tikiti ke zama, giya a manyan jaguna. Mu muna sama a kujerun bene. Gara in faɗi gaskiya ga mai niyyar zuwa: wurin shan giya ne, tun daga mashaya wasan ya taso, kuma kamfanin caca ne ke ɗaukar nauyin gasar, tallansa na ko'ina. Ban ji daɗin wannan ba, musamman da yaro a hannuna. Amma ba wanda ya tsangwame mu, kuma da magariba ta yi wajen ƙarfe takwas, wani ma'aikaci ya nuna mana lungu mai tsabta a baranda muka yi salla.

Daga inda muke, allon bai fi kwabo girma a ido ba. Mutum dubbai sun biya kuɗi sun zo, amma kowa manyan talabijin na gefen dandamali yake kallo. Na yi wa yaron wannan ƙorafi, ya ce in jira a fara.

Da ƙarfe bakwai aka rage fitilu. Kowane ɗan wasa yana da waƙarsa da laƙabinsa, mai gabatarwa ya kira shi da ƙarfi, ya ratso cikin jama'a da masu gadi, zauren duka na rera waƙar. Wanda ya taɓa ganin ɗan dambe ya shigo fage makaɗi na zuga shi ya san abin da nake nufi, sai dai a nan jarumin yakan zo da tumbi da rigar leda mai launi. Su takwas ne kacal a gasar. Huɗu sun shiga da matsayinsu a jerin duniya: Luke Humphries, Luke Littler, Michael van Gerwen na Holan da Rob Cross. Huɗu kuma hukumar PDC mai shirya gasar ce ta zaɓe su: Stephen Bunting, Gerwyn Price, Chris Dobey da Nathan Aspinall. Tun daga 2005 ake yin gasar, amma tsarin yanzu a 2022 ya soma: kowace Alhamis ƙaramar gasa ce mai zaman kanta ta sili-ɗaya-ƙwale, wanda ya riga cin zubi shida ya wuce. Zakaran dare maki 5 da fam 10,000, na biyu maki 3, waɗanda suka tsaya a kusa da ƙarshe maki 2. Dare goma sha shida ake yi, daga Fabrairu zuwa Mayu, kowane mako a wani gari. A 2025 sun faro daga Belfast, mako guda kafin namu suna Berlin, mako guda bayansa Rotterdam. Namu shi ne na goma.

Sai da aka soma jifa na ga abin da talabijin ɗin ke nunawa wanda ido ba zai gani ba ko da a teburin gaba. Kyamara na kan fuska da hannu. Littler, wanda ya zama zakaran duniya a Janairun 2025 yana da shekara 17, ba ya ko tsayawa tunani: kibau ukunsa sun tafi kafin in gama cire na farko a kaina. In kibiyar farko ta tare masa gidan 20, nan take idonsa ya sauka kan 19. Alƙalin wasa na tsaye dab da allon, ba takarda ba na'ura a hannunsa, yana kiran jimilla cikin ƙiftawar ido, in kuwa 180 ce sai ya ja muryarsa, kwalaye su tashi sama gaba ɗaya. Duk wannan hayaniya a bayan mutum take, taku kaɗan, shi kuwa ana so ya saka ƙarfe mai nauyin giram ashirin da 'yan kai a ramin da bai kai faɗin yatsa ba.

Price ne ya ba mu abin da za a daɗe ana faɗi. Mutumin Wales ne, tsohon ɗan wasan rugby, ƙirarsa ma ta nuna, kuma 'yan kallon Ingila sun saba yi masa ihun tsiya. Yana karawa da Littler, ɗan Warrington da ke nan kusa. Cikin wani zubi sai na ji zauren ya sauya murya. Yaron ya damƙe hannuna ya ce, "Kawu, shida! Saura uku!" Mafi ƙarancin kibau da za a iya gama 501 da su tara ne, kuma akwai ƙwararrun da suka yi ritaya ba su taɓa yin haka a gaban kyamara ba. Ta bakwai ta shiga. Ta takwas ta shiga, mutanen da ɗazu ke masa ihu duk sun miƙe. Da ta tara ta zauna a ninki biyu, giya ta tashi sama daga teburan ƙasa, mu na bene muka gode wa Allah da arhar tikitinmu. Abin mamakin kuma, zubi ɗaya ne kawai aka rubuta masa, daidai da wanda aka ci da kibau ashirin, kuma a ƙarshe Littler ne ya fitar da shi.

Amma daren na Aspinall ne. Ɗan Stockport ne, 'yan mintuna a jirgi daga zauren, don haka gida ya zo. Da aka sanar da sunansa cikin takwas a farkon shekara mutane da yawa sun ce bai cancanta ba. Ya sha fama da rauni a hannu, ya kuma faɗa da bakinsa cewa ya yi fama da wata larura da masu wasan ke tsoro fiye da komai, inda mutum zai ɗaga hannu amma yatsu su ƙi sakin kibiyar. Jifansa ba shi da kyan gani irin na Humphries, yakan tsaya, ya ja baya, ya sake saiti, fuska duk a murtuke. Ni dai shi na fi so a daren, don a kansa ake ganin wahalar abin. Ya kai wasan ƙarshe ya haɗu da Humphries, wanda ke na ɗaya a duniya a lokacin, ya doke shi. Da aka kashe waƙarsa, jama'a suka ci gaba da rera ta da baki har kan matakalar tasha.

Jirgin komawa cike yake maƙil da ayaba da alƙalai, wasu na barci a tsaye. Yaron ya zauna a kan jakarsa yana lissafa teburin maki a waya, yana nuna mini cewa huɗun farko ne kawai za su je wasannin ƙarshe a zauren O2 a Landan, kuma van Gerwen, mai kofi bakwai a wannan gasa, fiye da Phil Taylor mai shida, yana cikin haɗari. Na ce masa ai tsohon hannu ba ya faɗuwa haka. Ya ce mu zuba ido.

Na riga na koma gida lokacin da aka kammala, shi ya riƙa turo mini sakamako duk daren Alhamis. Van Gerwen bai kai Landan ba. Littler ya gama a saman tebur da cin dare shida, Humphries na biyu, Aspinall da aka ce bai cancanta ba na uku, Price na huɗu. Ranar 29 ga Mayu Humphries ya fitar da Aspinall, Littler ya fitar da Price, sannan Humphries ya rama kayen da Littler ya yi masa a wasan ƙarshe na 2024, ya ci 11 da 8, ya tafi da fam 275,000.